Zaman Muciya

Litinin, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Yau an raba mana littafi, kowa ɗaya, da biro. Mai Shago ya ɗauko wata mata daga kamfanin horar da ma'aikata ta zo ta gyara mana tunani. Shekara ashirin da biyu ina haɗa fenti a shagon nan, tun zamanin mahaifinsa, ban san tunanina ya lalace ba sai yau.

Ta ce mu riƙa rubuta abin da ke ranmu, ba wanda zai karanta. Na ce to in ba mai karantawa, wa ake yi wa wahalar? Ta ce, "Kanka, Baba." Ta yi murmushi. Murmushin nan nata ba ya sauka, kamar an buga shi da ƙusa. Tun kafin ta ajiye jaka Direba ya raɗa mata suna: Malama Sauyi.

Ga tsarin. Duk Litinin da Alhamis, kafin a buɗe ƙofa, za mu kifa bokitai a bayan kanta mu zauna a zagaye. Mu shida: ni, Dogo mai sito, Kashiya mai karɓar kuɗi, Direba da masu lodi biyu. Mai Shago ba zai zauna ba, wai don mu saki jiki. Akwai abin da za a riƙa miƙawa, wanda ya riƙe shi kaɗai ke da baki. Ta zo da wata ƙwallo mai laushi. Dogo ya ce mu ba yara ba ne, ya jawo sandar da nake gauraya fenti da ita, wadda muke kira muciya. Doka ɗaya ce: abin da aka faɗa a zaman muciya, a nan yake mutuwa.

Na yi shekara tara ina sayar da takalma a bakin kasuwa kafin in zo nan, na san irin wannan ciniki. Duk wanda ya ce maka "tsakani da Allah, nawa za ka bari," ƙarshenka yake son ji bai nuna maka nasa ba. Da muciya ta zo hannuna na ce lafiyata lau, na gode, na miƙa gaba.

Laraba, bayan la'asar

Wata mata ta kawo yankin labule tana son bango ya dace da shi. Na haɗa, na ɗiga a kwali, na kai bakin ƙofa na duba a rana. Fitilun shagon nan sun lalace, haskensu ya koma kamar ruwan shayi. Sau biyu ina gaya wa Mai Shago, sau biyu yana canzawa, bai taɓa dace da na kirki ba.

Na kira Dogo kamar kullum. "Kai ɗan sito, zo ka koyi aiki kyauta. Me ya rage a nan?"

Ya ce, "Ni me na sani, mutumina? Amma da ni ne, da shuɗin bai kai haka ba."

Na ce gwada shi nake yi, ya ci. Matar ta yi dariya.

Sai na ajiye gwangwanin a kan tebur ya huta, na tafi salla. Ƙa'idata ce tun ran da na fara: fenti ba ya son gaggawa, sai ya yi minti goma sha biyar a buɗe kumfa ta kwanta, sannan Dogo ya buga murfi ya miƙa. Masu lodi suna cewa camfi ne. Camfin nan ne ya sa a shekara ashirin da biyu ba a taɓa dawo mini da gwangwani ko ɗaya ba. Ko falon gidana da na yi wa ruwan madara bara, duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya kalli bangon kafin ya zauna.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Babban mai lodi ya riƙe muciya ya ce yana da magana amma yana tsoro. Malama Sauyi ta ce nan ba wurin tsoro ba ne. Ya ce shekararsa shida a nan, Baba bai taɓa kiran shi da komai ba sai "kai." Ya ce ran da matarsa ta haihu ya makara, na yi masa tsawa a gaban kwastoma, bai gaya mini dalili ba don ban bar masa fili ba.

Na buɗe baki, Malama ta nuna mini muciyar da yatsa. Ba a hannuna take ba. A shagon da na fi kowa daɗewa, sanda ta hana ni magana.

Ban ma san an yi masa haihuwa ba. Yarinyar yanzu shekararta uku.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Ba abin rubutawa. Fitilun nan dai.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na ba babban mai lodi haƙuri. A gaban kowa, muciya a hannuna. Na ɗauka wani abu zai ragu a jikina, sai na ji kamar na cire takalmin da ya matse ni tun safe. Ya tashi ya kama hannuna da hannu biyu. Direba ya ce yau dai a duba sama, ruwa zai sauka.

Bayan an watse Malama Sauyi ta tsaya a teburina tana kallon ina aiki. Ta ce mahaifinta tela ne, hannunsa ya fara rawa, ya ɓoye shekara huɗu, yana ta lalata wa mutane yadi yana ɗora wa almakashi laifi. Ta ce da ya faɗa da wuri, da an taimake shi. Na ce Allah ya jiƙan tela. Ta ce yana nan da ransa. Na ce to Allah ya ƙara masa lafiya, ni fenti nake haɗawa.

Ta iya talla, wannan matar. Da a kasuwa na same ta da na ba ta rumfa.

Talata, bayan magariba

An ba mu aikin gida: ka saurari mutum ɗaya har ya gama, kada ka katse shi, kada ka ba shi shawara. Na gwada a kan Maman yara. Ta fara labarin ƙanwarta da maƙwabciyar ƙanwar da wata akuya, na yi shiru ina kallon ta. Ta kai tsakiya ta tsaya.

"Malam, jikin ne?"

Na ce lafiya lau, sauraro nake yi.

"Sauraron me?"

"Ke."

Ta taɓa goshina da bayan hannu. Sannan ta zauna sosai, ta bar zancen akuya, ta gaya mini abubuwan da ban san suna ranta ba. Ashe tun da autarmu ta tafi makaranta gidan yake yi mata faɗi. Shekara ashirin da bakwai ina zaune da mace, ina ba ta amsa kafin ta gama tambaya.

Ban so in yarda ba, amma kayan Malama Sauyi ba duka ne jabu ba.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Dogo ya ba ni mamaki. Mutumin da tare muke cin abincin rana a kwano ɗaya shekara goma sha tara, wanda na yi wa rakiya neman aure, yau ya riƙe muciya ya ce babban ɗansa ya yi wata takwas bai ɗaga wayarsa ba. Ya ce laifinsa ne, shi ya kore shi da baki. Ban taɓa sani ba. Ko watan jiya da ya ɗauki kwana uku ya je duba kawunsa marar lafiya, ni na riƙe masa makullin sito, bai ce mini komai ba.

Da ya gama, maimakon ya miƙa wa Direba da ke kusa da shi, sai ya miƙo mini ta tsakiya. Ya ce, "Mutumina, na sauke nawa."

Na juya muciyar a hannuna. Busasshen fenti ya yi mata riga, kala a kan kala, duk aikina ne. Na kusa faɗin nawa. Na ce sai Litinin.

Lahadi, da hantsi

Ina ta lissafin abin da zai faru in na faɗa. Ina ta lissafin abin da zai faru in ban faɗa ba. Mutum ya buɗe maka cikinsa haka, kai kuma ka zauna kana murza gemu, ai ba abota ba ce.

Litinin, ƙarfe tara da kwata na safe

Na faɗa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta yadda na faɗa, tun da ba mai karantawa. Na ce ba fitilu ba ne. Shekara uku ke nan duniya ta fara yi mini rawaya-rawaya, kamar an shafa wa gilashi mai. Shuɗi da kore sun zama 'yan ɗaki ɗaya. Na je wurin mai gilashi a ɓoye, ya ce yanar ido ce ke rufe idanun, duka biyun, sai an yi aiki. Na fito ban koma ba. Wa zai kawo labulensa wurin mai haɗa kala da aka ji an yanka masa ido? Na ce shi ya sa nake kai kwali bakin ƙofa, shi ya sa nake kiran Dogo da sunan koya masa aiki.

Kashiya tana kallon yatsun ƙafarta. Dogo ya dafa kafaɗata. Malama Sauyi ta ce, "Baba, wannan shi ne ƙarfin hali." Ta maimaita dokar, ta sa kowa ya maimaita: a nan yake mutuwa.

Yau na yi aiki da nishaɗi. Na ce wa Dogo kai tsaye, "Duba mini wannan," ba wasa, ba dabara. Na sayi lemo na raba wa kowa. A hanyar gida har na tsinci kaina ina waƙa.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mai Shago ya kira ni ofis. Yaron da nake ɗorawa a kan bokiti ya leƙa yadda ake zuba kala, yau shi ne a bayan tebur yana ce mini, "Baba, zauna mana."

Ya yi ta kewaye-kewaye. Kamfani yana sauya tsari. Tsayuwa ta yi mini yawa a shekaruna. Sito yana buƙatar babban mutum mai amana. Daga gobe ni ne a sito, Dogo zai koma teburin haɗi. Za a kawo na'ura mai karanta kala, ka ɗora mata yanki ta gaya maka awo. Albashina ba zai taɓu ba. Sannan ya turo mini wani kati ta kan tebur, na asibitin ido, ya ce shago zai ɗauki nauyi.

Na kalli katin. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ce maka idona na ciwo?"

Ya gyara biro, ya gyara waya, ya gyara biron kuma. Ya ce, "Baba, kowa yana buƙatar dubawa lokaci-lokaci."

Kwana biyu. Abin da aka ce zai mutu a bayan kanta, kwana biyu ya yi ya hau bene da ƙafarsa.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Ban zauna ba. Na ce ina ƙirga kaya.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Sito ba taga. Bokitai har rufi, farin fenti a dama, mai sheƙi a hagu, buroshi da rola a kwalaye. Ba ruwanka da kala a nan, lamba kawai za ka karanta. Daga inda nake zaune ina jin muryar Dogo yana cewa kwastoma, "Ɗora a nan, Hajiya." Sai na'urar ta yi ƙara kamar ɗan tsako.

Mutum biyar suka ji, da Malama. Kashiya tana hawa ofis kullum da yamma. Direba yana kai Mai Shago gida, bakinsa kuma ba birki. Babban mai lodi, wa ya sani ko haƙurin da na ba shi bai isa ba. Ina ta ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ne ban ɗora ba.

Da rana Dogo ya leƙo da kwano. Na ce na ƙoshi.

Asabar, bayan la'asar

Ban gaya wa Maman yara ba. Kafin in tashi nakan buɗe wani tsohon gwangwani in shafa kaɗan a yatsuna da gefen riga, don kada ta ga na dawo da tsabta ta yi tambaya. Ni ke nan, mai ƙarfin hali.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Na tare Malama Sauyi a bakin ƙofa bayan sun gama zamansu. Na ce, "Malama, tambaya ɗaya. Rahoton da kike kai wa sama, da baki ne ko a rubuce?"

Ta ce ba ta taɓa fitar da maganar kowa daga zaman ba, ta rantse. Na kalle ta sosai, iya abin da idon ya bari. Na san fuskar mai ƙarya, na sayar da takalmin roba da sunan fata. Ba ƙarya take yi ba. Amma murmushin ya sauka, karo na farko, kuma ta ƙi haɗa ido da ni.

Ta ce, "Baba, ka dawo zaman. Fushi ma abin faɗa ne."

Na ce na faɗi abu ɗaya an ba ni sito. In na faɗi na biyu ƙila gadi za a ba ni.

Talata, ƙarfe uku na rana

Mai Shago ya ce in share bayan sito a sami wuri. A can ƙarshe, bayan bokitan da suka daɗe, na sami kwalin da na'urar ta zo a ciki. Ban yi mamakin kwalin ba. Na yi mamakin ƙurar da ke kansa.

Takardar kawo kaya tana manne a gefe. Na kai ta ƙarƙashin fitila, na sa gilashi, na karanta sau uku. An kawo na'urar nan mako biyar kafin Malama Sauyi ta taka shagon nan. Wanda ya sa hannu ya karɓa, na san hannunsa kamar nawa, yana ja wa harafin ƙarshe wutsiya.

A cikin kwalin akwai wata takarda mai ado, shaidar cewa mai sito ya halarci horon kwana uku kan sarrafa na'urar haɗa kala. Na duba ranakun, su ne kwana ukun da Dogo ya ɗauka.

Allah ya ba kawu lafiya.

Laraba, da safe

Ni na riƙe masa makulli. Kwana uku ina shiga ina fita, abin yana bayan bokitai yana jirana.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Ina ta tuna yadda Dogo ya tsallake Direba ya miƙo mini muciya. "Na sauke nawa." Da labarin tela mai rawar hannu. Da Mai Shago da ba ya zama don mu saki jiki. Ni da nake taƙama ba a taɓa sa ni na fara faɗin farashi ba, an kafa rumfa sukutum, da bokitai da littafi da biro, don a ji ƙarshena daga bakina. Kuma na faɗa, har na sayi lemo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne har yanzu in na buɗe baki zan ce wa babban mai lodi "kai," sai in ji nauyi in fasa. Har yanzu ina barin Maman yara ta gama magana. An yaudare ni da kaya mai kyau, ban san inda zan mayar da shi ba.

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na zauna. Na kifa bokitina tun kafin su iso, kwalin a gabana. Da suka gan shi ba wanda ya yi gaisuwa mai tsawo. Ban jira Malama ta buɗe ba, na ɗauki muciya.

Na ce, "Yau ba ni da abin saukewa, tambaya na zo da ita. Zan miƙa wa kowa, ya gaya mini yaushe ya sani. Ba ranar da na faɗa ba. Yaushe."

Na miƙa wa Kashiya. Ta riƙe kamar tana da zafi. Ta ce, "Shekara biyu, Baba. Ran da mai otal ya dawo da bokiti huɗu."

Na ce ba a taɓa dawo mini da kaya ba. Malama ta ɗaga yatsa, ta tuna ko da wa take, ta sauke.

Kashiya ta ce, "An dawo da su. Kana masallaci. Direba ya zagaya da su ta baya."

Direba bai jira muciya ba. Ya ce, "Baba, wallahi don kada ranka ya ɓaci ne."

Na karɓa na miƙa wa Dogo. Ya daɗe yana kallon ta.

Ya ce, "Mutumina, minti goma sha biyar ɗin nan naka. In ka ajiye gwangwani ya huta ka juya baya, ni nake gyarawa. Kullum shuɗi yana yawa. In ɗiga rawaya, in ɗiga ja, in gauraya, in goge muciya, in buga murfi. Tun daga ranar mai otal ba gwangwanin da ya fita ban taɓa shi ba. Masu lodi suna tsaron ƙofa, in sun hango ka su yi tari."

Na tuna tarin. Har magani na taɓa saya wa ƙaramin.

Ya ce, "Na gaji. Ran nan na kusa ba wa mutum kalar da ba ita ba, ina sauri don ka kusa dawowa. Ni na hau na gaya wa Mai Shago, tun kafin na'ura. Ya ce shi ba zai iya kallon idonka ya faɗa ba, kai ka koya masa riƙe buroshi. Ni ma na ce ba zan iya ba. Shi ne aka ce a nemo wanda zai sa ka faɗa da kanka."

Na ce, "Ɗan naka fa? Shi ma cikin tsarin yake?"

Ya ce, "A'a. Wannan gaskiya ne."

"To gaskiyar ka sa a ƙugiya."

Ya miƙo mini muciyar, na karɓa.

Malama Sauyi ta nemi muciya, na ba ta. Ta ce an gaya mata akwai dattijo mai daraja da ke buƙatar ƙofar fita da mutuncinsa, ita kuma ta yarda zaman zai amfani kowa, kuma ya amfana. Na ce haka ne, Malama, ya amfana. Amma kin ce a nan yake mutuwa, alhali kin san ya riga ya yi wata da watanni a sama yana shan iska. Kin sa na tuɓe a gaban mutanen da suka daɗe da ganina tsirara.

Na juya wurin Dogo. Na ce, "Shekara goma sha tara a kwano ɗaya. Da ka ce mini, kai makaho, shuɗinka ya yi yawa, da na zage ka, da na yi sati ba na kula ka, da na je asibiti. Shekara biyu kana bari ina bugun ƙirji a gaban mutane, kuna tari."

Ya ce, "Ba ka barin mutum ya gama magana, mutumina. Sai kwanan nan."

Wannan ta shige ni. Ban nuna ba. Na jingina muciyar a teburin da ba nawa ba, na koma sito.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Dogo ya ajiye kwano a bakin ƙofar sito ya tafi. Yana nan har yanzu.

Asabar, bayan la'asar

Yau ban shafa fenti a hannu ba. Maman yara ta kalli yatsuna da na shigo. Na zauna a falo na gaya mata duka, sito da na'ura da kwali da tari. Ta saurara har na gama. Ba ta yi salati ba, ba ta dafe ƙirji ba. Ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Da sauri ta faɗa, kamar wadda ta daɗe da tanadin amsar.

Sai na ɗaga kai na kalli bangon. Bara na yi shi, ni kaɗai, ranar hutu, ba Dogo, ba mai tari. Na haɗa a tsakar gida na shafa da hannuna don in ba ta mamaki.

Na ce, "Wace kala ce falon nan?"

Ta ce, "Kai da ka yi shi kake tambayata?"

"Ina tambayarki."

Ta gyara ɗankwali. Ta kalli bango, ta kalli ƙofa. Na yi shiru, na iya yanzu.

Ta ce, "Kore ne, Malam. Kore-kore, kamar ruwan da ya kwana a kwata. Ƙanwata tana kiran shi ɗakin jinya."

Na ce shekara guda.

Ta ce, "Ka zo kana murna, fenti har a gemu. Me zan ce?"

Ashe shi ya sa baƙi suke tsayawa.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Ban je zaman ba. Katin yana aljihuna, Maman yara tana sa takalmi, ita za ta raka ni. Ta ce in an gama aikin sai mu sake fentin falon. Na ce ba za a taɓa shi ba sai an buɗe mini ido na zauna na gan shi yadda kowa ya gan shi.

Dogo ya kira sau biyu. Na ga sunan, da manyan baƙaƙe nake ajiye shi. Na bar wayar tana ƙara har ta gama.